Na binne wakena, na bar maƙwabciyata tana soya nata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, Allah ya saka muku da alheri. Don Allah a ɓoye lambata, sunayen da za ku gani ma duk na canza su. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, kuma da gaggawa.

Wani ɗan ƙara ne ya jawo komai. Bayan azahar ne, yara sun koma lakol, wato makarantar boko, maigida yana kasuwa, gidan ya yi tsit, ina zaune a bakin ɗakin ajiya ina tsintar shinkafa, sai na ji ƙis-ƙis-ƙis, siriri, kamar ana murza yashi tsakanin yatsu. Duk macen da ta taɓa ajiye wake ta san wannan ƙarar. Na kwance buhu na tura hannu har gwiwar hannu, na ji ɗumi a ciki, na ɗebo, rabin abin da ke tafina duk huji ne, ƙwari suna tashi. Buhu biyu ne, na gamanata, ɗan filin da maigida ya yanka mini nake nomawa da kaina. A buhu mai leda a ciki na zuba su, ashe ɓera ya huda ledar ta ƙasa ban gani ba. Na gwada toka, na gwada barkono, na shanya a rana kwana biyu, ƙarar ta yi shiru ta dawo.

Bari in faɗa muku ko wace ce ni, don a nan ciwon yake. Ni matar aure ce a wani gari cikin yankin Gazawa, ba nisa da iyaka, 'ya'yana uku. Na yi kwaleji har aji huɗu kafin a yi mini aure. A wani wurin wannan ba komai ba ne, amma a unguwarmu ni ce mai karanta takardar likita, ni ce mai duba katin awo, ni ake kawo wa kwalin magani in faɗi sau nawa za a sha. Madam suke ce mini, rabi wasa rabi gaske. Kuma ina jin daɗin sunan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, amma in na ji sallamar mace da takarda a hannu, har wani sanyi nake ji a raina.

Maigida yana sarin bido, wato jarkokin nan manya da aka juye kayan ciki, daga tsallaken iyaka, yana kai su kasuwar Gazawa da ta Cadawa, mata su saya su wanke su riƙa ɗebo ruwa. Cikin kayan da aka kawo masa a lokacin akwai wani shuɗi da ya zo da saura a ciki, wajen kwata, wani ruwa mai ɗan maiƙo, warinsa kamar fenti da aka sa wa turare. Ya ce daga wata masana'anta ya fito, bai san amfaninsa ba. Ya ajiye shi bayan garken awaki, ya ce kada kowa ya taɓa, in ya samu sarari zai kai daji ya zubar. Ni kuma Allah ya yi ni da lura. Na ga inda ya ɗan ɗiga a ƙasa kiyashi sun mutu a jere, layi guda, kamar an zana su. Na ga garar da ke cin turken akuya ta daina. Ranar da ƙarar wake ta dawo karo na uku, tunanin ya faɗo mini, kuma ba wanda ya sa ni, ni kaɗai na ƙulla abina.

Takardar da ke manne a jikin bidon da Ingilishi take, ni kuwa Faransanci na karanta. Akwai wani dogon suna da wata lamba a ƙarƙashinsa. Sai na ɗauki hoto na aika wa ƙanena, zan kira shi Habu. Ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, da aka yi mini aure ma da shi na taho nan gidan, yanzu yana jami'a yana karatun sinadarai, shekararsa ta ƙarshe. Da ya zo hutu ya taɓa nuna mini aikin da yake yi. Ya ce a da in ana son sanin ƙarfin gubar wani sinadari, ɓeraye ake ba a ɗakin gwaji a ga yawan da zai kashe su. Yanzu kuma ana iya ba kwamfuta siffar ginin sinadarin, ita kuma ta kwatanta shi da waɗanda aka riga aka san gubarsu, ta yi kirdadon inda zai faɗa. Na tuna har na yi masa dariya na ce to ɓeraye sai su yi maka addu'a. Kalmar da ya yi ta maimaitawa ranar ita ce kirdado. Na ji ta da kunnena.

Ga laifina na farko. Ban faɗa masa abin da nake nufin yi ba. Cewa na yi akwai wani bido a gida, ina tsoron ko akuya ta lasa ko yaro ya taɓa, ya duba mini in yana kisa. Me ya sa ban ambaci wake ba? Don na san amsar da zai ba ni. Wanda bai san yana yin ba daidai ba ai ba ya ɓoye rabin tambayarsa.

Rezo, wato sabis ɗin waya, a garinmu sai an bi shi. In kana son saƙo ya shigo sai ka tsaya kan tudun da ke gindin bishiyar bedi a tsakar gida ka ɗaga waya, wani lokacin ya zo nan take, wani lokacin sai gobe. Ranar Talata da hantsi saƙon muryarsa ya shigo, yana cikin raha, ana jin hayaniyar abokansa a baya.

"Yaya, na sa sunan da lambar a kwamfuta. Kirdadonta ba ya cikin masu kisa da ɗan kaɗan, sai an sha da yawa. Akuyarki ba za ta mutu don ta lasa ba. Amma bari in ƙara dubawa, zan sake aiko miki."

Na ji wannan amma ɗin. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji ba. Sai dai kafin la'asar na shimfiɗa tabarmi, na baza wakena, na zuba murfi biyu na ruwan nan a bokiti, na tsoma tsintsiya ina yayyafawa.

A haka Rabi ta leƙo ta kan katanga. Rabi maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, ta girme ni da kusan shekara goma. Mijinta ya rasu shekara uku ke nan, ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ƙosai take soyawa a ƙofar lakol kowace safiya, da shi take riƙe da gidan. Ranar da na haifi ta farina ita ta riƙe ni kafin a samo mota. Kowace kaka takan tara wake buhu uku, shi ne na shekararta.

"Madam, mi kike yayyafa ma wake haka, zamzam kinka samo?"

Na yi dariya na ce magani ne, kuma ba irin na kasuwa da ake sayarwa a ƙulle a leda ba, wannan an gwada shi a kwamfuta a jami'a, ta ce ba ya illa ga mutum. Kun ji yadda na faɗa. Habu ya ce sai an sha da yawa, ni na mayar da shi ba ya illa. Ya ce kirdado, ni na ce an gwada. Ta tambaye ni ko kwamfutar tana da baki ne da ta ɗanɗana, muka yi ta dariya, sannan ta ce nata ma ƙwarin sun shiga, kwana uku ke nan ba ta da sukuni. Ta ce in dai Habu ne ya duba an gama magana, yaron da ta yi wa wanka da hannunta ba zai cuce ta ba. Na ɗauki bokitina na zagaya gidanta. Buhu uku muka zazzage, ita tana juyawa, ni ina yayyafawa. Da hannuna, jama'a. Da muka gama ta yi ta sa mini albarka har na kai ƙofa.

Washegari Laraba da safe ina shanya wanki a gindin bedi wayar ta yi ƙara a ƙuguna. Saƙo na biyu ne, tun jiya da yamma ya aiko shi, rezo ya riƙe. Wannan karon babu raha, babu hayaniya a bayansa. Ya ce ya sake gwadawa da wasu manhajoji biyu, amsoshinsu ba su zo ɗaya da ta farko ba, ɗaya ma ta sa shi cikin masu haɗari. Ya ce ta farkon ita kanta ta nuna alamar cewa sinadarin bai yi kama da waɗanda ta sani sosai ba, don haka kada a dogara da ita, shi ne bai lura ba saboda sauri. Ya ce ko da ta yi daidai, lissafin na ɓera ne da ya haɗiya sau ɗaya, bai ce komai ba game da shaƙa, ko taɓa fata, ko ƙaramin yaron da zai riƙa samun kaɗan-kaɗan kullum. Ya ce kuma ba wanda ya san ko abin da ke cikin bidon shi ne abin da ke rubuce a jiki, masana'anta kan haɗa abubuwa. Ya rufe da cewa in toshe shi, in nisanta shi da yara da dabbobi, kada in taɓa shi da hannu, kada in bari ya kusanci wani abin ci ko da da murfi ne.

Na zauna a kan turmi da jiƙaƙƙen zane a hannuna. Sau uku na saurara. Daga nan na sa hijabi na nufi gidan Rabi, wallahi da niyyar faɗa mata na fita. Na same ta ta dawo daga lakol, mata uku suna zaune a tsakar gidanta, ta kwance bakin buhu tana nuna musu matattun ƙwari sun taru baƙi ƙirin a gindin kwano. Tana ganina ta ce ga ta nan, ga Madam da ta fi malaman gona, su kwamfuta ma gaishe ta suke. Matan suka yi ta yabo, ɗaya ta ce a sammata ita ma. Me ya hana ni in ja ta gefe? Taku biyar ne zuwa ɗakinta. Na tsaya ina murmushi, na ce maganin ya ƙare, na ce na zo aron rariya ne. Na dawo gida da rariyar da ba ni da abin tacewa da ita, ina ce wa kaina gobe, in ta keɓe.

Goben nan yau wata biyu da kwanaki.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi ci mini rai, wanda in na tuna shi a sallah nake rasa raka'a ta nawa nake. Ranar Alhamis, da maigida ya tafi kasuwa, na ja buhuna biyu zuwa bayan gida inda muka taɓa haƙa ramin ƙasar gini, na zazzage su, na rufe da ƙasa, na jawo ƙaya na ɗora kada kaji su tona. Ina yi ina jin muryar Rabi ta bayan katanga tana yi wa autanta waƙa. Na san abin ya kai a binne shi, tunda na binne nawa. 'Ya'yana na tsare, na bar nata da na mutane. Da maigida ya dawo na ce masa ƙwari sun cinye waken ƙurmus, na zubar. Ya ce Allah ya mayar da alheri, kada in sa a raina. Da ya je kasuwar Agiye ya auno mini tiya biyar ya kawo, yana lallashina wai ya san wahalar da na sha a gonar. Na karɓa na yi godiya. Wace irin mace ce take yin haka?

Na yi ta ba kaina haƙuri cewa akwai lokaci, don Rabi tana da ragowar tsohon wake da take soyawa. Na ce ƙila kafin ta kai ga sabon abin ya bushe ya fita. Na ce ai murfi biyu ne a bokiti guda. Na ce ai kwamfuta ɗaya ta ce ba komai, wa ya san ko ita ce mai gaskiya? Haka na riƙa zaɓen abin da zan tuna. Ina zuwa makarantar matan aure ran Asabar da Lahadi, ina zama a sahun gaba, malama tana karantar da mu haƙƙin maƙwabci, ni ce ma take sa wa in maimaita wa na baya.

Bayan sati shida tsohon waken ya ƙare, ta kwance buhun farko. 'Yarta Nana, mai shekara goma sha uku, ita ke yin bakace da jiƙo a ɗan madafinsu, wanda taga ɗaya gare shi. Kwana na uku yarinyar ta fara ciwon kai, idanunta suka yi ja, hannuwanta suna ƙaiƙayi, sai amai. Aka kai ta gidan likita aka sa mata ƙarin ruwa. Na dama kunu na zuba a fulas na bi su, don haka ake yi, kuma don ƙafata ta ƙi zama. Ina tsaye a bakin gadon majo ya shigo, shi ne babban ma'aikacin jinyar wurin. Ya tambayi Rabi ko yarinyar ta ci wani baƙon abu, ko ta taɓa maganin ƙwari. Rabi ta ce maganin gona bai taɓa shiga gidanta ba. Ba ƙarya ta yi ba, a zuciyarta abin da muka sa ba guba ba ne, ai an duba an ce ba ya illa, ni na faɗa mata. Majo ya san ni, nakan raka mata awo. Sai ya juyo ya tambaye ni da Faransanci ko ni na lura da wani abu a gidan, tunda ni ce ta kusa. Rabi tana kallona da irin kallon nan na alfahari, maƙwabciyarta tana magana da likita da yarensa. Na buɗe baki, da Faransancin da nake taƙama da shi, na ce ban ga komai ba.

Aka yi mata maganin zazzaɓi, bayan kwana uku ta tashi, alhamdu lillahi. Ban sani ba ko ruwan nan ne ya kwantar da ita ko zazzaɓin ne da gaske, lokacinsa ne dama. Har yau ban sani ba. Amma na san abin da aka tambaye ni da abin da na amsa.

Rabi ta lura waken yana ɗan wari. Ta faɗa mini ta kan katanga, ta ce sai ta wanke shi sau uku da ruwan ɗumi yake fita, amma ƙosan yana tashi da kyau, yara ba su ce komai ba. Na ce to madalla. Kowace safiya tun daga ranar ina jin ƙamshin man suyarta yana tsallako katanga, ina ganin ta fita da tire a ka, na san yara nawa ke tsayawa a gabanta in an fito hutun safe, na san iyayensu ɗaya bayan ɗaya, wasu ni na karanta musu katin rigakafin 'ya'yan.

Satin da ya wuce na kasa jurewa, na hau tudun bedi na kira Habu. Ko a nan ma ban fara da gaskiya ba. Na ce ya tambayar mini kwamfutarsa, in abin nan ya taɓa abinci aka wanke sau uku aka soya a mai, yana fita? Sai ya ce, Yaya, wane abinci? Na faɗa masa duka, ina kuka, har da ramin, har da majo. Da na zo ƙarshe na ce saƙonsa na biyu ne ya iso a makare.

"Ya iso a makare, na yarda. Amma Yaya, alamar da ke wayata ta nuna kin saurare shi ranar Laraba da safe. Ni na ɗauka kin ji, hankalina ya kwanta."

Bai ɗaga mini murya ba, da ma ya ɗaga. Yaron da na yi wa tsarki, na koya masa alwala, shi ne yake magana da ni a hankali kamar mai lallashin mara lafiya. Ya ce laifinsa ne da ya aiko amsar farko kafin ya gama dubawa, malaminsu kullum yana hana su haka. Na ce ya daina, ba nasa ba ne. Ya ce kwamfuta ba za ta iya amsa tambayata ba, ba a yi ta don wannan ba, sai dai a ɗebi waken da ruwan bidon a kai inda za a auna da gaske, malaman gona da majo su suka san hanyar. Ya ce ba zai iya ce mini wani zai cutu ba, ba zai iya ce mini ba wanda zai cutu ba, kuma rashin sanin nan shi ne dalilin da ya sa dole a daina soyawa yau, ba gobe ba. Ya ce ba zai tsallake ni ya kira Rabi ba don ni uwa ce a wurinsa, amma yana zuwa gida ƙarshen wata, kuma ba zai iya durƙusawa ya gaishe ta yana sane ba.

Na gwada hanyoyin matsorata duka. Na ce wa Rabi ko za ta huta da ƙosai ta gwada fanke kwana biyu, ta ce fanke sai ka ce ranar suna, yaran lakol ƙosai suka sani. Na yi tunanin in faki idonta in zuba wa buhunan ruwa su ruɓe, sai na ga wannan wata cutar ce a kan cuta. Ina da awaki, zan iya sayar da biyu in auno mata wani waken, wallahi ko duka garken ne ba zai dame ni ba. Amma in na kai mata za ta ce na mene ne, kuma me zan yi da nata? Duk hanyar da na bi, a bakina take ƙarewa.

Kuma ba kunyata kaɗai nake tsoro ba, ko da yake ita ce babba, ba zan ɓoye ba. In maganar ta fita cewa ƙosan Rabi akwai magani a ciki, wace uwa za ta sake barin ɗanta ya saya, ko da an canza waken sau goma? Garinmu ƙarami ne, abu ba ya mantuwa. Ni na yi laifin, ita za ta rasa abin riƙe marayunta. In aka kai wa majo zai tuna amsar da na ba shi. In aka bi asalin bidon, kan maigida za a zo, mutumin da ya ce kada a taɓa, wanda har yau yake tausayina a kan waken da ƙwari suka cinye. Ban san yadda zai kalle ni ba in ya ji. Ita kuma Rabi, in na ce mata na sani tun ranar Laraba, na sani lokacin da nake miƙa mata kunu a bakin gadon Nana, da wane ido za ta dube ni? Bidon yana nan, na ɗaure bakinsa da leda na tura shi cikin tsohon rumbu. Buhunta na farko ya fara yin ƙasa.

Tawa 'yar, Hadiza, shekararta tara, lakol ɗin take zuwa. Tun ranar da aka kwance buhun nan na hana ta cin ƙosan. Na ce mata mai ne yake sa ta tari, in ta ci sai na sani. Nakan ƙulla mata ɗumame ko gyaɗa ta tafi da shi. Wannan ma na yi, na sake tsare tawa.

Ku ba ni shawara don Allah, ba don halina ba. In fara da maigida ne, ko in je wurin Rabi ni kaɗai in rufe ƙofa in faɗa mata? In mun zubar da waken a ɓoye mun canza wani, ya wadatar, ko iyayen yaran nan suna da haƙƙin su sani? In suna da shi, yaya zan faɗa musu ba tare da na kashe mata sana'a ba? Akwai wanda ya san yadda ake kai abu a auna ba tare da magana ta bazu ba? Na san gobe da safe za ta sake ɗora kasko. Me zan yi?

Abin da ya sa na kasa ƙara kwana ban rubuto ba, ɗazu da rana Hadiza ta dawo daga lakol, ina karɓar jakarta na ga takarda a ciki duk maiƙo, tana ƙamshin ƙosai. Ban san lokacin da na damƙi hannunta ba, na girgiza ta, na ce ba na hana ki ba? Yarinyar ta tsorata, idonta ya kawo ruwa, ta ce:

"Wallahi Mama ban ci ba. Kullum Inna Rabi sai ta ba ni guda biyu kyauta, ni kuma ina jin kunya in ce ba ni so. Sai in kai ma ɗan mai gyaɗan ƙofar lakol, ƙaramin nan da ya fara tafiya. Shi ai ba ya tari."